Goron Hawawu

"Maimaita abin da ka faɗa, Sherif!"

"Munawara, don Allah rage murya, mutane na..."

"Su ji mana! Ce mini ka yi ba ka gaya wa Hajiya ba?"

Ya sunkuyar da kai yana jujjuya kofin kokon da na zuba masa. Ƙaton namiji, wanda ke tuƙo lori cike da albasa tun daga Bawku har Salaga ba ya ko gyangyaɗi, ga shi ya kasa ɗaga ido ya dubi mai sayar da koko.

"Na so in faɗa mata... wallahi na so. Kullum na buɗe baki sai in ce bari sai ta gan ki tukuna. In ta gan ki, ta so ki, sauran mai sauƙi ne."

"Sauran? Hawawu ce sauran?"

"Ba haka nake nufi ba, rabin raina..."

"Kada ka rabin-raina ni!"

Jibi ne mahaifiyarsa, Hajiya Asiatu, za ta taso daga Yendi da goron gaisuwa don neman aurena. Kuma sai yau nake jin cewa matar ba ta ma san ina da ƙanwa mai suna Hawawu ba.

Ita kuwa wadda ake rigimar a kanta tana gefen teburina, cikin bahonta da na kewaye da tsummoki don kada ta kife. Ta karkata kai tana binmu da ido. Da ta ga na haɗe rai, sai ta tura baki ta dubi Sherif.

"If..." in ji ta.

Iyakar abin da take iya fitarwa daga sunansa ke nan. Ni kuma "Aya" take ce mini.

Hawawu ce autarmu, shekararta tara. Haihuwarta ta zo da gardama, ta daɗe ba ta yi kukan fari ba, kuma tun daga nan jikinta bai taɓa yi mata biyayya ba. Ba ta tafiya, hannuwanta a ƙage suke, abinci sai an dama shi da laushi an ba ta a hankali. Amma kada ka kuskura ka yi gulma a gabanta, babu abin da ba ta ganewa.

Tun da Baba ya rasu, ƙugun Mma, mahaifiyarmu, kuma ya ƙi, ni ce ƙafafun Hawawu. Ni ke goya ta zuwa asibiti wajen masu gashin ƙashi, ni ke kai ta taron iyaye mata da muke yi a ƙarƙashin mangwaro, inda kowa ke zuwa da nata ɗan da nata ciwon bayan. Zanen goyona ya fi zanen kwalliyata yawa. Ba kuka nake yi ba, ina son yarinyar nan fiye da yadda baki zai faɗa. Sai dai na gaji, wannan ma gaskiya ce.

Ita ce ma ta samo mini Sherif. Ranar da ya fara tsayawa a gaban teburina, awaki ne suka tare masa hanya, ya danna musu wani hon mai kama da kukan zabuwa. Hawawu ta ƙyalƙyale da dariya har baho ya nemi kifewa. Yawancin mutane in sun gan ta sai su kau da kai, su ce "Allah ya sauwaƙe" suna sauri. Shi kuwa ya diro daga lori, ya tsuguna a gabanta.

"Madam, motata kike wa dariya? Yaya sunanki?"

Ita ya tambaya, ba ni ba. A nan zuciyata ta tafi, ban ma sani ba sai daga baya. Tun daga ranar, duk shigowarsa unguwarmu sai ya danna wannan hon ɗin, ita kuma ta amsa da ihu tun daga cikin gida. Yakan kawo mata ƙwan zabi daga Bawku, ni kuma ya kawo mini surutu.

Shi ne yau yake ce mini "sauran".

"Ka ji ni da kyau," na ce. "Ina sonka, Sherif, ka sani. Amma in na tafi Yendi, wa zai ɗaga ta? Mma ko bokiti ba ta iya ɗauka. Na zaci ka gama wannan maganar da Hajiya tun tuni."

"Zan gyara, na rantse."

"Sha kokonka ka tafi."

Ya tafi bai sha ba.

Na shiga gida da niyyar in kai ƙararsa wajen Mma, sai na tarar an riga ni. Gwaggo Bashiratu, yayar Baba, ta zo shirin baƙi, kuma ta zo da nata tsarin.

"Ɗakin doya za a share," in ji ta, tana ɗaura ɗankwali. "A shimfiɗa mata tabarma a can baya. Kafin la'asar baƙi sun tafi."

"Gwaggo! Ɓoye ta za a yi?"

"Ke, rufe mini baki. Manema nawa suka zo gidan nan suka gan ta, suka tafi ba su waiwayo ba? Kin manta ɗan gidan mai shanu? Uwarsa cewa ta yi abin a jini yake, har jikoki zai bi. In an ɗaura aure, su sani. Lokacin babu mai kwancewa."

"Likita ya ce ba gado ba ne!"

"Likita ne zai aure ki?"

Na juya wajen Mma ina jiran ta ce wani abu. Tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunne, tana tsince wake. Ba ta ɗago ba.

"Mma..."

"Yini ɗaya ne, Munawara," ta ce a hankali. "Na cinye miki ƙuruciyarki da goyo. Kada in cinye miki aure ma."

Wannan maganar ce ta kashe mini jiki. Gwaggo ba muguwa ba ce, ita ta riƙe yayata Sadia tun tana ƙarama har ta aurar da ita. A danginmu haka ake yi, yarinya na fara wayo wata gwaggo ko inna za ta zo da goro ta roƙe ta, ta tafi da ita riƙo. Ni ma an roƙe ni har sau biyu, Baba ya hana. Hawawu ce kaɗai babu wanda ya taɓa tambaya.

Na yarda. Allah ya gani, da hannuna na kai ta.

Ranar da safe na yi mata wanka, na shafa mata mai, na sa mata rigarta mai ruwan ƙwai. Ta ɗauka unguwa za mu, sai murna take yi tana harba ƙafa. Da na ajiye ta tsakanin tarin doya na juya zan fita, ta kira ni.

"Aya?"

"Yanzu zan dawo, ƙanwata. Ki yi shiru, kin ji? Ki yi wa Aya shiru."

Na ja ƙofar. Kwallin da na sa sai da na sake shi.

Da hantsi baƙi suka iso. Hajiya Asiatu doguwa ce, baƙa, mai kallon da ke auna mutum kamar tana auna hatsi a kasuwa. An ce a Yendi ko masu lodi ba sa yi mata gardama. Ta zauna a kan sabuwar tabarma tare da mata biyu, aka ajiye ƙwaryar goro a tsakiya, aka rufe da farin ƙyalle. Aka kira ni na durƙusa na gaishe su, kaina a ƙasa.

Sherif ne ya tuƙo su, amma ango ba ya shiga irin wannan zama. Ya sauke su a bakin titi ya tafi neman inda zai juya mota. Da ya dawo ya shigo layinmu, hannunsa ya yi abin da ya saba yi ba tare da ya shawarce shi ba.

Ya danna hon.



"If! Iiiif!"

Ihun ya taso daga bayan gida, cike da murna. Ta yi ta kira, ta yi ta kira. Da ta ga babu wanda ya zo ya ɗauke ta, murnar ta juye ta zama kuka, irin kukan nan nata da ke sarƙe mata numfashi.

Hajiya ta ajiye kofin ruwan da ke hannunta.

"Wace ce wannan?"

"A'a, 'yar maƙwabta ce," in ji Gwaggo da sauri, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ba ta da lafiya, haka take damunmu kullum. Ba tamu ba ce."

Ba tamu ba ce!

Na dubi Mma. Hawaye na bin kumatunta, ta danne bakinta da gefen mayafi. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Munawara, zauna!" in ji Gwaggo.

Ban zauna ba. Na ruga ɗakin doya, na tarar ta zame daga tabarma, fuskarta duk ƙasa. Na ɗauke ta, na cire mayafin kwalliyata na goya ta da shi, na dawo tsakar gida na durƙusa a gaban Hajiya da ita a bayana.

"Hajiya, ki gafarce ni. Wannan Hawawu ce. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Ni ke goyonta, ni ke ba ta abinci, kuma ba ni da inda za ni in bar ta. In goron nan na wadda ba ta da ƙanwa ne, to ba nawa ba ne."

Hawawu na ta shessheƙa a wuyana.

Hajiya ta daɗe tana kallonmu. Ta dubi ƙasar da ke fuskar yarinyar, ta dubi tabarmar da take zaune a kai. Sannan ta miƙe, ta ɗauki ƙwaryar goronta da kanta.

"Ku tashi mu tafi."

Gwaggo ta ɗora hannu a ka. "Kin kashe kanki, 'yar nan! Kin kashe kanki!"

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Sherif ya yi ta kira, na ƙi ɗauka. Da na gaji na ɗauka sau ɗaya.

"Munawara, ki saurare ni, Hajiya ta..."

"Ka bi mahaifiyarka, Sherif. Ban riƙe ka da komai ba."

"Ni ban iya rayuwa ba ke ba!"

"Za ka koya. Ni ma koyo nake."

Na kashe wayar, na shiga bayan gida na yi kuka mai isata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Hawawu. Duk motar da ta wuce sai ta ɗaga kai ta kasa kunne, in ba hon ɗin ba ne ta mayar da kai cikin baho. Har abinci ta rage ci.

Ranar wata kasuwar Salaga, ina cikin kwashe ƙosai daga mai, na ji an ce, "Zuba mini koko, kada ki cika sukari."

Na ɗago. Hajiya Asiatu ce, ita kaɗai, da jakarta a hammata kamar wadda ta zo sarin doya.

Ba ta jira na ba ta wurin zama ba. Ta ja benci ta zauna daf da bahon Hawawu.

"Ke ce mai ihu?" ta tambaye ta.

Hawawu ta harare ta.

"Oi! Har da harara? To, na ji, na cancanta." Ta juyo gare ni. "Ta karya?"

"Yanzu zan ba ta, Hajiya."

"Kawo in ba ta."

"Sai an iya, Hajiya... tana ƙwarewa."

"To ki koya mini mana! Da iyawa aka haife ki?"

Na nuna mata: a tallafe ƙeya, a sunkuyar da haɓa kaɗan, cokali rabi, a jira ta haɗiye kafin a ƙara. Hajiya ta naɗe hannun riga ta gwada. Cokalin farko ya shiga lafiya. Na biyu kuwa Hawawu ta feso mata shi gaba ɗaya a kan mayafin leshi.

Na ce yau na mutu.

Hajiya ta dubi mayafinta, ta dubi yarinyar, sai ta fashe da dariya har da buga cinya. "Ta rama! Wallahi ta rama!"

Hawawu ma ta kama dariya. Ni kuwa kuka ya ƙwace mini.

"Share hawayenki, 'yata," in ji Hajiya, tana goge bakin Hawawu da gefen mayafin da ya riga ya ɓaci. "Kin zaci don ita na tafi? Kunya ce ta kore ni. An shimfiɗa mini sabuwar tabarma, an kulle 'yar mutane cikin doya saboda ni. Na ce wace irin dodanniya aka ce musu ni ce? Da na matsa wa Sherif ya faɗa mini komai, sai na gane ɗan cikina ne ya fara jin tsorona. Tun ranar bai ci tuwon hannuna ba. Yana can ya rame kamar sandar rake."

Ta sa na kai ta wajen Mma. Suka gaisa, Mma sai sunkuyar da kai take yi.

"Ayishetu, yaushe rabonki da zuwa biki?" Hajiya ta tambayi Mma.

Mma ta ce, "Tun... tun kafin a haife ta, ina ji."

"Suna fa? Ta'aziyya?"

"Munawara na kan sana'a, wa zan bar wa ita?"

Hajiya ta girgiza kai. "Mutum biyu, ku kaɗai, shekara tara. Dangi kuma suna ina?"

Na tattara ƙarfin hali na ce, "Hajiya, maganata tana nan. Ba zan iya tafiya in bar..."

"Ke, ba da ke zan yi wannan maganar ba. Ta manya ce."

Ta tafi ta bar ni ban san matsayina ba.

Ranar Juma'a aka aiko cewa baƙin Yendi za su dawo. Wannan karon babu wanda ya ambaci ɗakin doya. Na zaunar da Hawawu a cinyata a tsakar gida, da rigarta mai ruwan ƙwai, duk mai kallo ya kalla.

Hajiya ta shigo da matan nan biyu, kowace ɗauke da ƙwarya. Aka ajiye ta farko.

"Wannan ta Munawara ce, muna nema wa ɗanmu Sherif."

Gwaggo ta karɓa da hannu biyu, bakinta har kunne. Aka yi addu'a, aka shafa.

"Saura magana ɗaya," in ji Hajiya. "Amarya ba ta tafiya gidan miji ita kaɗai. Ana haɗa ta da 'yar zaman ɗaki, mai ɗebe mata kewa."

"Wannan an gama!" in ji Gwaggo. "Akwai jikata, 'yar wajen Sadia. Ga wayo, ga aike, ga wanke-wanke..."

"Masu wanke-wanke sun yi mini yawa a gida."

Hajiya ta ɗauki ƙwarya ta biyu. Ta wuce Gwaggo, ta taka har gaban kujerar Mma. Matar da masu lodin Yendi ke tsoro ta durƙusa a ƙasa, ta ajiye ƙwaryar a ƙafafun mahaifiyata, ta yaye farin ƙyallen. Goro ne farare manya, sun fi nawa kyau.

"Ayishetu, na zo roƙo. Ki ba ni Hawawu."

Mma ta zuba mata ido kamar ba ta ji Hausar ba.

"Ba don in raba ki da ita ba," Hajiya ta ci gaba. "Gidana akwai hannuwa, ni da matan 'ya'yana da 'yan mata. Munawara za ta koya mana, mu riƙa karɓa-karɓa, ita ma ta san daɗin amarci. Asibiti na kusa da mu. Ɗakinki kuma na nan, ki zo ki yi wata, ki koma ki je bikinki. In kewa ta dame ki, Sherif ya kawo miki ita a gaban mota. Amma roƙo nake yi, in kin hana ba zan yi fushi ba."

Mma ta miƙa hannu ta taɓa goron.

"Goro..." ta ce. "Goro aka kawo... don Hawawu?"

"Don ita."

"An roƙi Sadia. An roƙi Munawara." Ta ɗago ta dubi Hajiya. "Shekara tara ina jira wani ya ce ko yini ɗaya in ba shi ita... Babu wanda ya taɓa roƙona ita, Hajiya. Babu!"

Ta rungume ƙwaryar a ƙirji ta fashe da kuka, irin kukan da ban ji ta yi ba ko ranar da Baba ya rasu. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Ta matso da gwiwa ta kama ƙafar Hawawu ta riƙe.

"Na ba ki," in ji Mma da ƙyar. "Amma a tambaye ta ita ma. Tana ji."

Hajiya ta juyo. "Madam mai feshi, za ki bi ni Yendi?"

Hawawu ta dube ni, ta dubi Mma, ta dubi ƙofar gida.

"If?"

"Yana waje, ya yi tsuru-tsuru," in ji Hajiya. Ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji. "Sherif! Kai, matsoraci! Danna mata abin nan!"

Hon ya tashi, Hawawu ta ƙwala ihun da ya kori kajin gidan gaba ɗaya.

Bayan sallar layya aka ɗaura. Ranar da aka kai ni, mu biyu aka yi wa lalle, ni da Hawawu. Da muka isa ƙofar ɗakina a Yendi, na ga an fasa dokin ƙofar an zuba siminti ya kwanta sumul, ga wata 'yar kujera mai tayoyi da madafa a gefe, an ɗaure matashi a inda kai zai jingina. Sherif na tsaye yana sosa ƙeya, duk ya rame.

"Ni na haɗa, da ni da kafinta. Ta ɗan karkace..."

"Kamar mai ita," na ce.

"Kin yafe mini, rabin raina?"

"Sai na ga yadda kake ba da koko."

Na kai hannu zan kwance zanen goyo in sauke ta, sai na ji an riga ni. Hajiya ce ta zare Hawawu daga bayana, ta juya ta ɗora ta a nata bayan, ta ɗaure tamau.

"Shiga ɗakinki, amarya," ta ce. "Yau kwanana ne."

Na taka zuwa ƙofar, bayana sakayau, iska na taɓa inda ta daɗe ba ta taɓa ba. Na waiwaya. Mma na tsaye cikin 'yan biki da sabon zani, hannunta babu komai sai goro guda da ta ƙi ci tun ranar da aka roƙi Hawawu. Ta ɗaga mini shi tana dariya, hawaye na zuba.